Ƙusa ta Goma

Ranar da ƙungiyar daraktocin fim ta tare a sabon ofis, Sakatare ya taka kujera ya kafa ƙusoshi goma a jikin farin bango. Ta farko tana daidai saman kujerar shugaba, inda idon duk wanda ya shigo zai fara sauka. Sauran suka jeru har zuwa ta goma, wadda wuri ya ƙure mata ta faɗa bayan ƙofa. Aka ce za a rataye hotunan manyan daraktoci goma da aka taɓa yi, daga gwanin gwanaye zuwa ƙasa.

A-Sake bai ga abin muhawara a nan ba. Shekara talatin yana ba da umarni, kuma laƙabin nan ya samo shi ne don ba a taɓa ɗaukar fitowa ya ce ta yi ba. Ko ruwa jarumi ya sha sai ya ce a sake, har cikin bawan Allah ya kumbura. Tun kafin a kafa kwamiti ya je ya ɗauki sabon hoto, hannu a haɓa, ido a sama kamar mai neman inda rufi ke yoyo. Ya gaya wa matarsa cewa ƙusar farko tasa ce. Ta ce Allah ya sa, ta ci gaba da gugarta. Wannan "Allah ya sa" ta tsaya masa a rai, domin shekara talatin ke nan tana faɗa masa ita da muryar mai jinya. Yana so, ko sau ɗaya ne, ya kai ta ofishin nan ya nuna mata bango ya yi shiru.

Mutum huɗu aka ɗora wa zaɓen, dukkansu daraktoci. Ban da shi akwai Gaggawa, wanda ke gama fim cikin kwana huɗu, ranar ta biyar ya manta sunansa. Akwai Farfesa, da ya yi karatun fim a waje ya dawo da gemu da wani fim guda da ba a samu wanda ya kai ƙarshensa a farke ba. Sai Mai Hawaye, wanda in bai kashe uwa da uba kafin rabin fim ba gani yake bai yi aiki ba.

Zaman farko awa uku suka yi a kan me ake nufi da babban darakta. Gaggawa ya ce a ƙirga yawan finafinai. Farfesa ya cire tabarau ya ce babban fim shi ne wanda jama'a ba su gane ba, shi ma mai shi sai daga baya. Mai Hawaye ya ce a tambayi mata masu kallo, su suka san wanda ya jiƙa musu mayafi. A-Sake ya ce haƙuri da naci su ne ma'auni. Kowa dai ya auna girma da tsawon rigarsa. Abu ɗaya suka haɗu a kai, yabon marigayan daraktoci biyar da suka share fagen sana'ar, waɗanda lokacin suna raye babu irin zagin da mutanen nan ba su yi musu ba.

Da Sakatare ya ga za a kai ga cin kwala, sai ya kawo doka. Ga rajistar duk wanda ya taɓa ba da umarni ko sau ɗaya. Kowa zai rubuta suna goma a ɓoye, na farko maki goma, na ƙarshe maki ɗaya, kuma ba wanda zai rubuta sunan kansa. Wannan sharaɗi na ƙarshe bai yi wa kowa daɗi ba. Aka ba su mako guda.

A makon nan A-Sake ya zama mutumin kirki. Ya je duba ƙafar Gaggawa da ta warke tun bara. Ya zauna ya kalli rabin fim ɗin Farfesa yana mintsinin cinyarsa. Ya gaya wa Mai Hawaye cewa shi ma ya taɓa yin kuka a ɓoye. Kowannensu ya riƙe hannunsa ya rantse sunansa na cikin takardarsa, shi ma ya rantse musu haka. Ba wanda ya faɗi a layi na nawa.

Ranar zaɓe da hantsi ya zauna da biro yana lissafi. In ya ba Gaggawa maki goma, ya ɗora maƙiyi a kan ƙusarsa da hannunsa. In ya ba wani marigayi, wataƙila sauran ma su ba shi, mamaci ya wuce shi. Abin da yake buƙata shi ne sunan da ko a mafarki ba mai zaɓa, inda zai zubar da maki goman nan kamar ruwan wanki. Ya bi rajista da yatsa har can ƙasa, sai ya ci karo da Almakashi.

Almakashi ita ce mai tace finafinansu. Shekara ashirin da wani abu tana zaune a wani ɗan ɗaki mara taga a bayan shagon gyaran waya, gabanta kwamfuta biyu da fanka mai ƙara, tana yanke abin da suka ɗauko tana haɗawa. Finafinan A-Sake ashirin da biyu duk ta hannunta suka bi. Sunanta ya shiga rajista ne don ta taɓa yin fim nata na kanta guda ɗaya, shekara goma sha tara da suka wuce, wanda ya zo ya wuce ba a ji ɗuriyarsa ba. A-Sake ya rubuta ta a layin farko yana murmushi, ya bi da marigayai, ya jera abokan rantsuwarsa a can wutsiya don kada a ce ya yi ƙarya. Daɗin wayonsa ya kama shi har ya kira wata 'yar jarida ya ce ta zo da na'urarta, yau za a kafa tarihi.

Sakatare ya buɗe takarda ta farko, ya karanta sunan Almakashi. A-Sake ya gane tasa ce, ya gyara zama. Sakatare ya buɗe ta biyu, ya sake karanta Almakashi. Ta uku ma haka. Kafin a buɗe ta huɗu Gaggawa ya fara tarin ƙarya, Farfesa ya dage yana goge tabarau, Mai Hawaye kuwa a karon farko a rayuwarsa ya ji abin da masu kallonsa ke ji. Duk su huɗun wayo ɗaya suka yi, kowa yana zaton shi kaɗai Allah ya ba basira.

Almakashi ta zo ta ɗaya. Marigayai biyar suka bi bayanta. Rayayyun huɗu suka raba abin da ya rage, A-Sake ya samu ƙusa ta goma, ta bayan ƙofa. Sakatare ya raɗa masa cewa ai wannan ma girma ne, alama ce shi suka fi tsoro. A-Sake ya ji kamar ya shaƙe shi.

Da so samu ne a yaga takardun a sake. Kalmar ma tana bakinsa. Amma ga 'yar jarida zaune, na'urarta na ɗauka, kuma shi ya kira ta. Ta matso ta miƙa masa makirfo.

"Ranka ya daɗe, duk kun haɗu a kan mace ɗaya. Me ya fi burge ka a fim ɗinta?"

Ya ce fim ne mai zurfi. Ta ce wane wuri ne ya fi zurfin. Ya ce ai daga farko har ƙarshe zurfi ne. Ta tambayi labarin me aka bayar a ciki, sai ya juya ya ce Farfesa ya fi shi iya bayani. Farfesa ya ce irin wannan aiki ba a bayaninsa, jin sa ake yi a jiki. 'Yar jarida ta rubuta duka, tana danne dariya.

A-Sake ya koma gida da la'asar, ya tarar labari ya riga shi. Matarsa ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin tarkace, ta fito da faifan fim ɗin Almakashi a cikin ledarsa, ko ɓare ta ba a yi ba. A jiki an rubuta da biro: ga oga, don Allah a duba a ba ni shawara.

"Baban yara, tunda ka zaɓe ta, ai sai ka kalla," in ji ta.

Ya zauna ne da niyyar tsince kurakurai. Labarin wani tsohon tela ne da idonsa ke mutuwa yana ɓoye wa jama'a, matarsa ke zura masa zare a allura da sassafe kafin masu ɗinki su zo, ita ma tana yi kamar ba ta san komai ba. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya yi dogon jawabi. Minti ashirin da farawa A-Sake ya lura bai ce a sake ba ko sau ɗaya. Can wajen tsakiya aka zo inda matar telan ta ja ƙofa a hankali ta tsaya a bayanta, ba ta ce uffan ba. A-Sake ya san wannan shirun. Shi ne irin wanda ke cikin fim ɗinsa na sha ɗaya, fitowar da ake yabonsa da ita har gobe. Shi jawabi mai shafi uku ya ɗauka a wurin, sau goma sha bakwai, Almakashi ta yanke shi duka ta bar ƙofa kawai. A lokacin har faɗa ya yi mata, da yabo ya zo kuma ya karɓe abinsa.

Da fim ya ƙare matarsa ta share ido da gefen mayafi. Ta ce shekara talatin tana jiran ya faɗi gaskiya a kan fim, ashe sai mugunta ce za ta sa shi. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Washegari da safe ya bi ta bayan shagon gyaran waya. Almakashi na zaune, gashinta ya fara furfura a gefen ɗankwali, a kan kwamfuta kuwa sabon fim ɗinsa ne take fama da shi. Ya yi mata murna yana kallon fanka. Ta ce ta gode, kuma kada ya wahalar da kansa, ta san yadda aka yi. Wanda ya shekara ashirin yana share wa mutane abin kunyarsu ai ya san yadda kansu ke aiki.

Ya ce ya kalli fim ɗin. Ta ɗago, ta tambaye shi da me aka rufe. Ya ce da telan yana zura zaren da kansa, yana kuskurewa, matar tana kallo ba ta karɓa ba. Ta gyaɗa kai. Sannan ya tambayi abin da ya hana shi sukuni tun jiya.

"Ƙanwata, mai irin wannan hannu, me ya hana ki yin na biyu?"

Ta jawo durowar tebur, ta ciro takardun wani labarin fim da suka yi ja don daɗewa, ta ajiye a gabansa.

"Ga shi nan, oga. Kai na kawo wa, don ka yi wa furodusa magana. Ka ce in dakata sai ka kalli na farkon."

Ta juya ga kwamfuta, ta ce akwai wani jawabi a minti na arba'in da take so ta cire. A-Sake ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce ta cire.