Amsar Wasiƙar Kyaftin

Shekara biyu bayan Saje Maharazu ya dawo daga yaƙin ƙasar Bama, wasiƙa ta iske shi a Kafin Dafga. Daga Ingila ta fito, daga kyaftin ɗin da ya shugabance su. Maharazu yana jin Turancin bariki amma ba ya iya karatu, don haka ranar kasuwar Karaye ya kai ta wurin Malam Lukumanu, malamin elemantare.

Bayan sun gaisa, Malam ya karanta masa ita tsaf.

"A ƙarshe yana tambaya ko kana hafi," in ji Malam.

"Rubuta masa e. Amsar da muke ba Turawa ke nan, ko da ƙafa ta kumbura a cikin takalmi."

Malam bai ɗauki alƙalami ba. Ya ce, "Saje, kalmomin nasu da bambanci. Akwai filesha, daɗin ɗan lokaci, kamar ka sha fura mai sanyi bayan noma. Akwai gilad, murnar da ka yi da takardar nan ta zo. Hafi kuwa ya fi su zurfi. Yadda zuciyarka take zaune yake tambaya."

Maharazu ya daɗe yana murza hularsa.

"Fura kam ina sha," ya ce. "Gyaɗata ta yi kyau bana, matata Rekiya ta haihu watan jiya. Amma Malam, akwai abokina Liti, ɗan Rogo Ruma. Tare muka tafi, ni na binne shi a bakin wani kogi. Har yau na kasa zuwa gaban mahaifiyarsa. Wace kalma suke da ita ta mutumin da ya gode wa Allah, amma wani abu ya tsaya masa a ƙirji?"

Malam ya buɗe ƙamus, ya bi shafuka da yatsa, ya rufe.

"Wataƙila akwai. Ilimina bai kai ba."

"To bar tambayar tasa. Gaya masa gyaɗa, gaya masa haihuwa. Ka roƙe shi ya aiko da sunan kogin nan, don tsohuwa za ta tambaye ni, ni kuwa bakina bai taɓa iya faɗarsa ba."

Malam ya rubuta, Maharazu ya dangwala yatsa. Da ya fito, ya ba wani maƙwabcinsa saƙo cewa kada Rekiya ta jira shi da tuwo. Ya sayi goro, ya kama hanyar Rogo Ruma a ƙafa.