Jan Irin Danda

Babana Danda ya rasu ranar Talata da hantsi, cikin bazarar 1985, kafin la'asar an binne shi. Mutum tara suka kai shi makwancinsa, don mazan ƙauyenmu sun watse neman abinci, wasu Maradi, wasu sun tsallaka iyaka ta daji. Yayyena biyu suna cikinsu. Ni ina kolej a Mayahi, aji na huɗu, sai washegari wani mai raƙumi ya kawo mini saƙo. Na iso na tarar da ƙasar kabarin ta riga ta bushe.

Shekara goma sha huɗu Baba ya yi yana kokowa, daga wannan kasuwa zuwa waccan, tun daga Tasawa har El Allasan Mairairai. Bai taɓa ɗaukar takobin ƙasa da ake ba zakaran kokowa ba. Sa'ad da gwamnatin soja ta soma shirya gasar, gwiwarsa ta riga ta lalace, ya koma noma yana ɗingishi. Amma mutane ba su manta da shi ba. Ba yawan kaye ya sa suke son shi ba. In ya ɗaga mutum zai buga da ƙasa, tare suke sauka, tafin hannunsa yana ƙarƙashin ƙeyar abokin karawar, don kada kansa ya bugu.

Abin da ya bar mana a duniya yana cikin wata randa a ƙuryar ɗakin Inna, an liƙe bakinta da laka: tiya goma sha biyu na irin hatsi. Tun kakar da ta gabaci farin ya zaɓi zangarniyar ɗaya-ɗaya. Damina ta zo ta wuce ba a girbe ko dami ba, rumbu ya ƙare, muka koma ganyen jiga da 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa kwana huɗu ɗacinsu ke fita. Duk da haka bai bari an taɓa randar ba. Mutumin da ke cinye akushi shi kaɗai, sai ga shi yana ɗaure wando da igiya zagaye biyu. Zazzaɓin da ya kashe shi, da a shekarar ƙoshi ne, ko kwanciya ba zai yi ba.

Ranar Laraba aka faɗi rasuwar a rediyo. Ranar Alhamis tun da safe suka soma isowa.

Da ƙafa suka zo, don jakunan da suka rage ba su iya ɗaukar mutum. Daga Attantane, daga Mayahi, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Tsofaffi ne mafi yawa, da mata, riguna na yawo a jikinsu. Suka cika gindin gawon ƙofar gidanmu, suka malala har bakin rijiya. A lokacin ba a taro sai da izini, saboda haka jandarma biyu suka zo a mota su ga abin da ke faruwa. Da suka ji ko wane ne ya mutu, babban ya cire hularsa ya zauna a ƙasa, ya ce yana yaro ya hau bishiya ya kalli Danda a Tasawa.

Ba kuka mai ƙara suke yi ba, ba su da ƙarfinsa. Labari suke bayarwa. Wannan ya ce yana wurin ranar da aka yi karon Jibo, wancan ya ce ƙarya ne, ranar shi yana gida yana jinyar basir, aka yi dariya kaɗan. Jibon kansa yana nan, tsohon abokin hamayyar Baba, ƙato wanda yanzu ƙashi ne kawai da fata. Can gefe kuma Halilu makaɗi, wanda ya bi Baba da ganga duk tsawon shekarun nan. Kwana ɗaya da yini ya yi a hanya. Bai zo da gangar ba. Yatsunsa kawai ke motsi bisa gwiwarsa.

Ina leƙensu ta darni sai Gwaggo Tanna, ƙanwar Baba, ta shigo da turmi tana mirginawa.

"Jummai," ta ce wa Inna, "gobe sadakar uku. A buɗe randar nan, a daka gumba."

Inna tana zaune bisa tabarmar takaba, kanta a ƙasa.

Na ce, "Gwaggo, iri ne."

"Na ce miki tsakuwa ce? Na san iri ne."

"In aka daka, me za mu shuka?"

"Allah da ya yi bakin shi zai ba shi abin ci. Ki dubi mutanen can. Saboda ubanki suka taka rana. A ce sun zo gidan Danda sun koma ba su ɗanɗana sadakarsa ba? Da wane ido za mu shiga kasuwa?"

"Kowa loma ɗaya zai samu, Gwaggo. Loma ɗaya, mu kuma shekara guda."

"To, malamar lakwal, 'yar boko, an soma lissafi!" Ta tafa hannu. "Jummai, kin ji ɗiyarki? Shi ya sa na ce da Danda kada ya bar ta ta wuce aji shida na firamare. Ga shi tana auna ladan ubanta da tiya."

Inna ta ɗago kai. Idanunta sun faɗa. Ta ce, "Zara'u, bar shi. Sadakarsa ce. Ita kaɗai za ta iske shi inda yake."

Na juya na ba su wuri. Ba don na yarda ba.

A cikin jakata akwai ƙananan fakiti uku na maganin iri. Wani ma'aikacin gona ya zo kolej ya nuna mana yadda ake cuɗa shi da hatsi kafin shuka don kada ƙwari su cinye, na bi shi har mota na roƙa wa Baba. Jan gari ne, a jikin takardar an zana ƙoƙon kan mutum, an rubuta da Faransanci cewa guba ne.

Ranar Juma'a da safe Gwaggo ta tafi rijiya ɗebo ruwan jiƙo, Inna ta zagaya bayan ɗaki. Na fasa lakar da taɓarya. Na juye hatsin cikin babban kwano, na yayyafa ruwa, na zazzage fakitin ukun duka, na cuɗa da hannuna biyu har ba sauran ƙwaya fara.

Gwaggo ta dawo ta gani. Tulun ya faɗi daga kanta.

"La'ilaha illallahu! Zara'u, me kika yi?"

"Na sa masa magani. Wanda ya ci zai mutu."

Ta mare ni. Ban kare ba, ban kuma sunkuyar da kai ba. Inna ta tsaya bakin ƙofa tana duban kwanon, ta daɗe, sannan ta koma tabarmarta ta juya fuska wajen bango.

Tsorona ɗaya, kada wani mai yunwa ya ɗiba ya wanke ya ci. Don haka na ɗauki kwanon a kai, na fita ƙofar gida inda maza ke zaune, wurin da budurwa ba ta tsayawa ranar makoki. Na dire shi gaban liman. An gama addu'a ke nan, kowa na jiran abin da za a fito da shi.

Na ce, "Iyayena, sannunku da hanya. Ni ce Zara'u ɗiyar Danda. Babu gumba. Abin da ya bari ke nan, iri ne, na sa masa guba da hannuna. Inna ba ta sani ba, Gwaggo ba ta sani ba. Wanda zai zagi wani, ni zai zaga."

Na ga yadda fuskokinsu suka yi. Ba fushi ba ne, da fushi ne da ya fi mini sauƙi. Wata tsohuwa da ta riga ta buɗe bakin zanenta don karɓar rabonta ta naɗe shi a hankali. Wani daga baya ya ce, "Ɗiyar lakwal ke nan." Wani ya ce, "Allah ya shirya."

Jibo ya miƙe da sandarsa, ya zo ya durƙusa gaban kwanon. Ya ɗebi jan hatsin ya murza a tafinsa, ya kai kusa da ido.

"Wanga irin gidan Danda ne," in ji shi. "Mai doguwar zangarniya." Ya dube ni. "Ke, taurin kan nan ba a ƙasa kika tsinta ba. Sau biyar ubanki na kada ni, sau biyar ina cewa a sake." Ya sake duban hatsin. "Nawa irin tun watan azumin bara jikokina suka cinye shi. Ko ruwa ya sauka yau, ba ni da abin jefawa rami. Ɗiyata, ki sam mini hannu ɗaya."

Kafin in buɗe baki na ga wasu sun soma tasowa. Ashe kusan duk haka suke. Na tsame irin daga turmi, ga shi zai tafi ta wata hanya, kuma wannan karon ba zan iya hanawa ba. Ba cikinsu suke roƙa wa ba.

Na shiga gida na ɗauko ludayi. Na cika tiya huɗu na kai ɗaki na rufe, a gaban kowa, ban ji kunya ba. Sauran na zauna na raba, ludayi ɗaya ga kowane gida, ina faɗa wa kowa, "Kada a ci, kada a bar yara kusa, a wanke hannu." Suna ƙullewa a gefen riga, a bakin rawani, jandarman nan a cikin hularsa. Da hatsin ya ƙare akwai sauran mutum kusan ashirin a tsaye. Suka ce ba komai, suka yi mini addu'a. Wannan ya fi marin Gwaggo zafi.

Halilu bai taso ba. Na rage masa a tafin hannuna, na kai masa.

"Baba Halilu, ga naka."

Ya girgiza kai. "Ni ban da gona, Zara'u. Ban taɓa yi ba. Bayan ubanki nike ci." Ya yi murmushi. "Ruwa dai, in akwai."

Na kawo masa ruwa a ƙwarya. Ya sha, ya gode kamar na ba shi nama. Da azahar suka watse cikin rana, ciki babu komai, kowa ya kama hanyar garinsu. Bayan kwana tara aka zo mana da labarin Halilu ya isa gida, ya kwanta, bai tashi ba. Na sha tambayar kaina ko dunƙulen gumba ɗaya zai kai shi damina. Ban sani ba. Ban ce na yi nadama ba, kuma ba zan ce ba, amma ban sani ba.

Ban koma kolej ba a shekarar. Gwaggo ta daina shigowa gidanmu. Inna kuwa tana amsa gaisuwata, ta karɓi ruwa a hannuna, amma daga nan ba ta ƙarawa.

Ruwan shuka ya sauka ƙarshen watan Yuni. Yayyena ba su dawo ba, don haka ni na saɓa sungumin Baba. Ƙotarsa ta fi ni tsawo, mutanen da ke wucewa suna tsayawa kallo. Na soma sara ramuka daga gabas, ina tunanin in na kai ƙarshen layi sai in dawo in zuba irin da kaina. Ina tsakiyar layi na biyu na ji motsi a bayana. Inna ce, da mayafin takabarta, ƙwaryar iri a hannu. Tana jefawa, tana rufewa da diddige, ba ta dube ni ba.

Tiya huɗun sun kai mu daidai tsamiyar da ke tsakiyar gona. Daga nan zuwa yamma muka bar ƙasa haka nan. Inna ta kife ƙwaryar, ta dubi yatsunta da suka yi ja, ta goge a zane.

"Gobe ki fito da wuri," in ji ta. "Zabbi za su tone."