Wasiƙar da ke Aljihun Delbert

Shekara ashirin da biyu Delbert Unruh yana cin amanar matarsa sau ɗaya a shekara, kuma a cikin coci yake yi, ranar Lahadi, sanye da wankakkiyar riga.

Kowace shekara kafin a shuka dawa, cocinsu na yin baikon wasiƙu, wato sadakar da ake miƙawa a coci. Ran nan ba kuɗi ake sawa a faranti ba. Kowa zai rubuta wa ɗan majalisarsu da ke Washington, ya roƙe shi a gyara dokar taimakon abinci: maimakon a loda hatsin jiharsu ta Kansas a jirgin ruwa ya yi watanni a hanya, a ba da dama a sayi abincin kusa da masu yunwar. Sai a zaga da faranti, a kai gaban bagadi, fasto ya ɗora hannu ya sa albarka, Litinin a kai gidan waya. Verna, matar Delbert, ita ta kawo wannan al'ada cocin. Ita ke raba takarda, ita ke manna kan sarki.

Shi kuwa Delbert manomin dawa ne. Bai taɓa sa dawa a baki ba, a wajensa abincin shanu ce, amma ya san wani kaso na abin da yake nomawa yana shiga buhu ya tsallaka teku, kuma duk duniya ba abin da yake tinƙaho da shi kamar wannan. A ce a daina? To shi ya zama me ke nan? Bai taɓa yi wa Verna musu ba, don musu da Verna sai wanda ba shi da aikin yi ranar. Abin da yake yi, ranar Asabar ya shige rumfar tarakta ya rubuta tasa: Ranka ya daɗe, a bar doka yadda take. Ya liƙe, in faranti ya iso layinsu ya cusa ta ƙarƙashin na mutane. Haka za a kai ta gaba a sa mata albarka tare da sauran. A ganinsa Allah ya san wacce ce wacce.

Amsa a watan Mayu take zuwa. Shi ya sa a watan Mayu kaɗai ake ganin Delbert, mai ciwon gwiwa, yana sassarfa zuwa akwatin wasiƙa na bakin titi. Biyu yake tararwa, ya soke tasa a aljihu, ya kai wa Verna tata. Ya taɓa gwada su ya ga ko waƙafi bai bambanta ba: an gode da damuwarsu a kan yunwa, za a riƙe ra'ayinsu a zuciya.

Bana hannun Verna ya soma rawa. Da sanyin nan abin ya fara, cokali na buga kofi shi kaɗai. Likita ya ba ciwon dogon suna da ƙananan ƙwayoyi. Ta ajiye ɗinki ba ta ce komai ba. Ta daina gasa burodinta mai hawa biyu, wanda tun aurensu ba Asabar da ta wuce babu shi, nan ma ba ta ce komai ba. Delbert ya tsorata ƙwarai, kuma da yake bai san yadda ake faɗin irin wannan ba, sai ya gyara ƙofar kicin da ba abin da ya same ta.

Ranar Asabar, ana gobe baiko, Verna ta ajiye takarda da biro a kan tebur. Baba take kiransa, shi kuma yana kiranta Mama.

"Baba, zauna. Ka wanke hannu?"

"Na wanke."

"Sake wankewa. Washington za ta."

Ya sake wankewa, ya dawo. "Mama, me zai hana a kai wa matar fasto ta buga miki a na'ura?"

"Bugaggiya ba sa karantawa. Ni na koya wa mutane haka, yanzu in zo in karya?"

Gaskiya ne, ita ta koya. Dokokin Verna biyu ne, duk ɗan cocin ya haddace. Na farko, da hannu ake rubutawa. Na biyu, hannu ɗaya wasiƙa ɗaya, don in suka ga biyu da rubutu iri ɗaya za su ce mutum ɗaya ne ke raina musu wayo, su zubar da duka. Ba wanda ya taɓa zuwa Washington ya tabbatar, amma Verna ce ta faɗa. Rubutun Delbert kuwa ba ya ɓuya, duk haruffansa sun karkata gefe guda kamar shinge bayan iska. In ya rubuta tata ya rubuta tasa, daga gida ɗaya, tata ma ta tafi kwandon shara.

"Rubuta," in ji ta. "Ranka ya daɗe. Ni ce Verna Unruh. Wannan ba rubutuna ba ne, na mijina ne, ka yi haƙuri da shi."

"Har da wannan?"

"Har da shi. Mu manoman dawa ne. Dawarmu mai kyau ce, amma ba ta da sauri. Wanda ke jin yunwa yau ba zai iya jiranta ta gama yawo a teku ba. In akwai manomi kusa da shi, a sayi tasa."

Biron ya tsaya. "Mama, dawarmu fa."

"Na san ta wa ce. Ni na yi shekara arba'in da shida ina kai maka abinci gona. Sa aya."

Ya sa aya. Da aka zo sa hannu ta ce wannan ita za ta yi da kanta. Ta kama biron da hannu biyu, ta daɗe a kan harafin farko. Tausayinta ya kama shi har ya rasa inda zai ajiye ido, sai ya juya yana kallon taga, ya ce kamar za a yi ruwa. Sararin sama fes yake.

Duk da haka, bayan abincin rana ya shige rumfar tarakta. Mutum ba ya barin halin shekara ashirin da biyu don ya ji tausayi da safe. Dabara ta zo masa: yana da hannu biyu. Ya ɗora takarda a kan durom ɗin mai, ya kama biro da hagu. Takarda uku ya ɓata. Ta huɗu ta fito kamar aikin ɗan aji ɗaya, amma ana gane a bar doka yadda take. Ya liƙe, ya saka a aljihun kwat ɗinsa ta zuwa coci, yana jin ya raba gardama ba tare da ya cuci kowa ba.

Lahadi aka yi waƙa, fasto ya yi wa'azi a kan gurasa biyar da kifi biyu, wa'azin da yake yi kowace shekara. Wilbur Koehn, maƙwabcin gonarsu, shi ke zagawa da faranti. Da ya iso, Delbert ya karɓa da hagu kamar kullum, damansa na cikin aljihu a kan wasiƙarsa. Verna na zaune a damansa. Ta ɗago tata, hannun ya soma rawa. Takardar ta bugi bakin faranti ta dawo. Ta sake kaiwa, ta sake kaucewa. Mutanen layin duk suka sunkuyar da kai a littafin waƙa, har da waɗanda suka riƙe shi a rufe. Delbert ya ga kunnuwanta sun yi ja. Matar da ta kawo farantin nan cocin, yau ta kasa sa takarda a cikinsa.

Ya zaro hannunsa daga aljihu, ba komai a ciki. Ya kama wuyan hannunta ya riƙe har rawar ta lafa, suka kai wasiƙar tare.

Ya miƙa wa Wilbur faranti. Wilbur bai wuce ba. Ya dubi aljihun kwat ɗin, ya yi ƙasa da murya.

"Shi ke nan, Delbert?"

"Shi ke nan."

Wilbur ya ɗan ƙara tsayawa, ko za a canza shawara, sannan ya yi gaba. Delbert ya zauna yana tunanin wannan kallon har aka tashi.

A mota, sai da suka wuce rumbunan hatsi na bakin gari Verna ta yi magana, idonta a kan hanya.

"Shekara ashirin da biyu, ni in ce a gyara, kai ka ce a bari. Ɗan majalisar nan ya ɗora taka a kan tawa, ya ga gidan Unruh bai ce komai ba."

Delbert ya rage gudu, ko da yake ba kowa a titin. "Tun yaushe kika sani?"

"Ni ke manna kan sarki, Delbert. Guda ɗaya ce ke zuwa a liƙe, da shaidar baƙin mai a gefe."

"Kuma kika aika?"

"An sa mata albarka. Ni wace ce da zan cire?"

"Wilbur fa?"

"Wilbur, da matarsa, da fasto. Da fasto na da, Allah ya jiƙansa. Shi har cewa yake mu ƙara yi wa ta ƙasan addu'a."

Delbert ya ƙura wa titi ido. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana saurayi. Ita kuma ta haɗa hannuwanta a cinya, ɗaya na danne ɗaya.

"Bana dai na yi magana," in ji ta. "Ban san ko baɗi zan iya ko da sa hannun ba. Na so a ji ni sau ɗaya."

Ya kauce gefen titi ya tsaya. Verna ta nuna aljihun kwat ɗinsa, inda wasiƙar take.

"Ciro ta. Farke, ka juya bayanta. Akwai biro a gabanka."

Ya ciro, ya farke, ya juya. Ta leƙa rubutun hagun, ta girgiza kai.

"Rubuta na kasuwar gobe. Fulawa. Yis. Madara. Man shanu."

"Wa zai kwaɓa?"

"Kai," in ji Verna. "Da hannun dama."