Wandon Korbinian

Babu maƙaryacin da wandonsa ba ya tona masa asiri. Yayana Vinzenz ne ya gano haka, bayan shekaru yana hawan duwatsun kwarinmu masu ƙanƙara, kuma ya raba 'yan Adam gida biyu. Akwai masu wando mai kauri, cike da auduga, waɗanda kujera mai tafiya a rataye jikin waya ke kwasa ta kai sama kamar buhunan dankali, su sulalo ƙasa bisa ƙanƙara da katakon zamiya ɗaure a ƙafa, su sake bin layi. Akwai kuma masu wando mara nauyi mai zif a gefe, masu hawa da guminsu inda ba hanya. Na biyun kaɗai yake iya ba amanar karensa, balle 'yarsa.

'Yar tasa, Ottilie, ta kawo saurayi daga Innsbruck, Korbinian, likitan haƙori. A gidanmu ba a yi wa saurayi tambayoyi. Ana hawa dutse da shi ran Lahadi, in an sauko Vinzenz ya gayyace shi cin abinci, magana ta ƙare. In bai gayyace shi ba ma ta ƙare.

Da safe a gindin dutse Korbinian ya fito daga mota da wandon da ya dace: baƙi, mara nauyi, ga zif. Vinzenz ya zagaye shi kamar mai tayin saniya.

"Yaro, wandon nan ya taɓa ganin ƙanƙara?"

"Sabo ne, Baba."

"Na ga sabo ne. Ina tsohon?"

Ya tsuguna ya duba bakin ƙafar, inda kaifin katakon zamiya ke yankar wandon duk mai hawa. Ko ƙwarzane babu. Ya ja ni gefe.

"Ottilie ce ta zaɓa masa. An shirya shi ne kamar ɗan wasan kwaikwayo."

"Haba Yaya, mutum ba ya sayen wando?"

"Ana gobe zai zo wurina?"

"Baba, rana na yi," in ji Ottilie. "Wandon zan aura ko mutumin?"

"Abin da nake bincike ke nan."

Korbinian, wanda gaskiya ta yi wa yawa, ya ce ai tsohon na bayan mota. Aka ɗauko. Shi ma baƙi, amma kauri kamar katifa, mazauninsa har sheƙi yake don zaman kujera. Vinzenz ya yi murmushin farko a ranar.

"Yawwa, ga ka nan. Saka shi. Da mutum nake hawa, ba da kayan aro ba."

"Baba, zai dahu a ciki!"

"Ɗan dutse ba ya dahuwa."

Muka manna fata a ƙarƙashin katako don kada ya zame baya, muka kama hawa. Kafin mu fita daga cikin itatuwa Korbinian na tururi kamar tukunya. Mu muka buɗe zif iska ta shiga. Shi ba shi da abin buɗewa. Audugar ta yi ta shan gumi. In ya tsaya, Vinzenz ya kalle ni ya ce rago ne. In bai tsaya ba, ya ce akwai abin da yake ɓoyewa.

A ƙololuwa, kusa da gicciyen da aka kafa a can, iska ta tarbe mu. Jiƙaƙƙen wandon ya fara sandarewa, leɓunan likita suka yi shuɗi. Ottilie ta ja shi bayan wani ƙaton dutse.

"Me suke yi har yanzu?" in ji Vinzenz.

"Jiƙaƙƙiyar riga suke sauyawa, Yaya, kamar kowa."

Suka fito. Ottilie doguwa ce kamar ubanta, tsayinta ɗaya da Korbinian, kuma nata wandon ma baƙi ne. Vinzenz ya riga ya kammala karatun wando tun a ƙasa, yanzu fuska yake karantawa. Ya miƙa wa Korbinian ɗan kwalban barasa yana jiran hannu ya yi rawa. Hannu bai yi rawa ba. Ya jira haƙora su kaɗa. Shiru.

"Ka gani?" ya ce da ni, da ƙarfi. "Da na bar shi da na aron, ina zan san haka? Jikin na dutse ne, tarbiyya ce babu."

Gangarowa kuwa aikin da 'yan kujera suka ƙware a kai ne, don haka Korbinian ya bi bayan Vinzenz tiryan-tiryan. Ottilie, wadda ta saba rigan kowa isa, ita ce ta ƙarshe. Gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa, sandararren wandon Korbinian da ke jikinta na ƙara kamar busasshiyar fata.

A gindin dutse Vinzenz ya dafa kafaɗar Korbinian.

"Ɗana, kana cin naman barewa?"

"Sosai, Baba."

"To mu je gida." Ya waiwayi 'yarsa. "Ke kuma yau lafiya? Kin sauko kamar tsohuwa."

"Na tsufa ne, Baba."

Ta shiga bayan motata, ta cusa hannuwa tsakanin cinyoyinta. Na kunna abin ɗumama mota har ƙarshe. Ƙanƙarar wandon ta fara narkewa tana jiƙa kujera, ita kuma tana kallon waje.