Shayin Alhaji Bappa

Cindo fatoma ne, mai saukar da fatake yana sayar musu da dabbobinsu, a kasuwar shanu ta Maigatari, kuma fatoma ba ya cewa ya ƙoshi. Duk baƙon da ya sauka a hannunsa sai ya ɗora butar shayi, a zabga sukari, a bi da lemon kwalba. Haka tumbi ya yi ta gaba, jama'a na cewa arziki ne.

Likita a Gumel bai kira shi arziki ba. Ya duba hoton ciki ya ce kitse ya taru a hanta. Zaƙin nan, in ji shi, hanta ke mai da shi kitse. In ƙwayoyinta suka jigata sai su kasa ƙona shi, su dinga tarawa, shi kuma ya ƙara ɓata su, har hantar ta ƙandare. Cindo ya tsorata ƙwarai, don 'ya'yansa ƙanana ne.

Ranar Alhamis sai ga Alhaji Bappa daga Damagaram da garken shanunsa, babban baƙon da Cindo ya gada wajen mahaifinsa. Dattijon ya zuba shayi da hannunsa, ya miƙo.

"Baba, a yi mini uzuri," in ji Cindo. "Hanta ce."

"Hanta? Ai ciwon mashaya ne," wani dillali ya jefo daga gefe, aka kwashe da dariya.

"Ban san ɗanɗanon giya ba, kai ma shaida ne. Sukari ne."

Alhaji Bappa bai yi dariya ba. "Ubanka bai taɓa mayar mini da hannu ba, yaro. Wanda ya ƙi shayina, shanuna ya ƙi."

Da garken nan Cindo ke ci da gidansa, kuma ya san kurɓa ɗaya ba za ta kashe shi ba. Amma ya san halinsa: in ya karɓi wannan, na wa zai ƙi gobe?

"Baba, ko Agadas ka aike ni a ƙafa zan je. Wannan dai ba zan sha ba."

Dattijon ya zubar da shayin a ƙasa, ya kira dillalin nan mai dogon baki ya ce ya kama shanu. Cindo na tsaye aka kora su, ransa na ƙuna, amma bai bi su da roƙo ba. Da saniyar ƙarshe ta wuce, sai ya zauna kan tabarmarsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A kawo mini ruwa. Ruwa zalla."