Hoton Mannir a Saman Shafi

Kwana uku da fitar Shafa'atu daga takabar mijinta Mannir, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gidansu da ke Tudun Wada, Gusau. Daga Bunguɗu ya zo a kan babur, da ganyen wake a cikin leda, duk tsutsa ta huda shi.

"Malam Mannir nake nema, 'yata. Na aika masa tambaya sau biyu, shiru."

Ta ce, "Baba, ai Allah ya yi masa rasuwa. Hatsarin mota, a hanyar Tsafe. Wata huɗu ke nan da 'yan kwanaki."

Dattijon ya yi salati, ya zauna a dakali. Can ya ce, "Jiya-jiyan nan ɗana ya nuna mini hotonsa a waya, yana dariya. Na ce mutumin nan lafiya lau yake, aiki ne ya yi masa yawa."

Mannir malamin gona ne. Shekara shida yana da shafi a intanet inda manoma ke turo tambaya yana amsawa. Ƙanwarsa Wasila, wadda ita ma noma ta karanta, ta daɗe da cewa za ta karɓi aikin, amma babu mai ƙarfin zuciyar taɓa shafin. Da dattijon ya tafi, Shafa'atu ta kira ta, ta ce lokaci ya yi.

Washegari da hantsi suka je Sabon Gari, shagon Lawwali, abokin Mannir tun firamare, wanda ya gina shafin. Ya buɗe wurin da ake gyara tsarinsa a kwamfuta, ya juyo mata da allon.

"Wuri biyu ne, Shafa'atu. Ga babban hoto na gefen sunansa. Sai wannan ɗan ƙaramin, can sama, wanda ke fitowa kusa da sunan shafi idan an buɗe."

Ta matsa kusa. Ƙaramin bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ba a ganin ido ko baki, sai farar hula da duhun fuska, da yadda yake karkata kai hagu in za a ɗauke shi. Ita ta ɗauki hoton, a gonar mahaifinsa a Tsafe, ranar da suka je roron wake.

"Wanne za a sa?" in ji Lawwali.

Wasila ta ce kada a sa nata, ba za ta iya zama a gurbinsa ba. Shafa'atu ta yi ta lalube a wayarta har ta samo hoton gonar, kunyoyin shuka kore shar, babu kowa a ciki. Lawwali ya yanka shi ya zama murabba'i, ya ɗora a wurare biyun. Da ya zo danna ajiyewa sai hannunsa ya tsaya.

"Ni ba zan iya ba," ya ce, ya kau da kai.

Shafa'atu ce ta danna.

A cikin keke napep, a hanyar gida, ta buɗe shafin a wayarta. Babban hoton ya koma gona. Amma can sama, ga farar hular nan. Ta kira Lawwali.

"Wayarki ce ta riƙe tsohon," ya ce. "Kowa sabon yake gani. In kina so, in gaya miki yadda za ki goge."

"A'a. Bar shi."

"Zai tafi da kansa fa. Ban san yaushe ba."

Ba ta gaya wa kowa ba. Kullum bayan ta ɗora kunu sai ta buɗe, ta duba, ta rufe da sauri, kamar yawan kallo ne zai kore shi. Wasila ta fara amsa tambayoyi, ta kuma fara da waɗanda suka fi daɗewa suna jira.

Rana ta tara, da safe, Shafa'atu ta buɗe ta ga ɗan koren ɗigo a gurbin farar hular. Ta rufe ta sake buɗewa. Ta kashe wayar ta kunna. Tana da hotunansa fiye da ɗari a wayar nan, ta sani, amma ta zauna a bakin murhu ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza, har 'yarta Uwani ta dawo daga Islamiyya ta tarar da kunun ya kama.