Zanen da Ke Jikin Inna

...guda uku ne, kuma ba a kuskure ko ɗaya ba. Khaulat tana durƙushe a ɗakin Inna a Wara, ta ɗage mata zani, tana kallon haƙarƙarin. Nan ne aka ɗiga tawada ranar Litinin, alama uku, don injin gashin ciwon daji ya riƙa sauka wuri ɗaya kullum. Yanzu kowace alama ta koma tsaga. Shatin ƙaho, jini ya bushe, an shafa toka.

Kwana biyu kacal ta bar ta. Asabar da Lahadi, injin yana hutu, Inna ta ce tana kewar gida...

Gwaggo Asama'u ce ta kira wanzami. Tana bakin ƙofa, har da fara'arta. "Ai ke kin ka nuna muna wurin, ɗiyata. Da can lalube muka yi."

Ita ta nuna? To, wa ya nuna in ba ita ba?

Shekara shida a makarantar likitanci, biyar kuma tana koyon gashin ciwon daji da haske, wanda ba a gani, ba a ji, amma yana ƙona abin da wuƙa ta kasa kaiwa. Takan zaunar da matan da ba ta taɓa gani ba ta ce kada a goge, kada a shafa mai, kada a sosa. Inna fa? Me ta ce wa Inna? Ta ce kada a wanke. Iyakarta ke nan. Ba a kuwa wanke ba.

Warin banda yana shigowa daga tsakar gida... sai ta tuna tana 'yar shekara tara, hayaƙi ya cika mata ido, Inna tana jujjuya tarwaɗa tana cewa wuta in ta mutu tsakiyar aiki kifi ya lalace — sau ashirin da biyar aka tsara gashin, an yi biyar. A ɗora haske a kan ɗanyen rauni? A jira ya warke? Mako biyu? Uku? Ciwon ba ya jira, ita ke koya wa ɗalibai haka. Askar ma, a wane ruwa aka ɗauraye ta?

Ga waya a hannunta, lambar abokin aikinta Magaji a buɗe. Ta ce masa me? Mahaifiyar likita...

Ta yi faɗa? Da wa? Gwaggo ta hau kwalekwale tun da asuba ta ɗauko mutumin nan daga tsallake.

Inna tana buɗe ido, tana laluben hannunta, tana murmushi irin na wadda ta cika aiki.

"Daidai inda kin ka rubuta, ko? Ban bari ya kauce ba. Ko motsi ban yi ba, kamar yadda kike cewa."

Khaulat tana gyara mata zani. Bakinta ya buɗe, kuma ba ta san wace ce za ta amsa ba, likitar ko ɗiyar.